Magirbi Cikin Gilashi

Ranar da Mahfuza ta fara ganin Zaharaddeen, tana rungume da buhun shinkafa wanda babu ko ƙwayar shinkafa a ciki, shi kuma yana tsaye bisa benci yana share yanar da gizo-gizo ya saƙa a kusurwar silin. Ta yi sallama, ya juyo zai amsa, bencin ya yi gefe, saura ƙiris ya faɗo cikin wata tsohuwar tukunyar rini. Ta danne dariyarta da gefen hijabi, amma idanunta sun riga sun tona ta.

"Sannu da zuwa, Malama," ya ce yana kakkaɓe rigarsa. "Kallo aka zo, ko wani abu aka kawo mana?"

"Kawowa na yi, in kuna karɓar tsatsa."

Ɗakin Tarihi na Batsari ba wani babban wuri ba ne. Ɗaki biyu ne a tsohon ginin makaranta, waɗanda wasu malamai masu ritaya suka roƙa aka ba su, suka cika su da masaƙa da takubba da akusa da hotunan mutanen da jikokinsu ma sun tsufa. Shugabansu Malam Ubaidullahi, tsohon hedimasta ne, mutum mai kirki da tsare doka. Zaharaddeen kuwa ya karanta tarihi a jami'a, bai samu aiki ba tukuna, sai ya zama shi ne mai shara, mai rajista, mai yi wa baƙi bayani, duk a kyauta.

Mahfuza ta kwance buhun ta fito da magirbi, irin wanda ake sare karan gero da shi. Ƙotarsa ta yi baƙi wuluk don tsufa, hannuwa sun cinye tsakiyarta har ta yi ƙugu. Zaharaddeen ya sa safar hannu kafin ya karɓa, abin da ya ƙara ba ta dariya, don ita ta san wannan ƙarfen ya sha taki da laka fiye da shekara ɗari.

Ta ba shi labarinsa. Su mutanen Marken Daudu ne, wani ƙauye bayan Runka a ƙasar Safana. Mahaifinta, Malam Ya'u, shi ne Sarkin Noman garin, kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. A garinsu ba mai sa ƙarfe a gero sai Sarkin Noma ya sare karan farko da wannan magirbi, liman ya yi addu'a, sannan kowa ya duƙa a rana ɗaya. Shekara uku ke nan 'yan bindiga suka tashe su, suka dawo cikin Safana suna zaune a ɗaki biyu. Rufin ɗakin yana yoyo daidai kan akwatin da magirbin yake, ga masu sayen tsofaffin ƙarafa suna zagaya unguwa kullum. Ta ji a rediyo ana cewa a nan ana adana irin waɗannan kaya, shi ya sa ta hawo mota bayan ta tashi daga firamaren da take koyarwa.

Ya miƙo mata fom mai gida biyu, ɗaya kyauta, ɗaya ajiya. Ya ce in ajiya ce, duk ranar da suka koma gida sai su zo su karɓi abinsu.

"Wa zai koma?" ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Rijiyarmu ma na ji an ce ta rufta."

Ta ja layi a gidan kyauta, ta sa hannu. Ya tambaye ta ko Baba ya san da zuwanta, ta ce ita ce babba a gidan yanzu. Wannan ba amsa ba ce, kuma shi ma ya san ba amsa ba ce. Amma idonsa ɗaya yana kan ƙarfen, ɗayan yana kan mai ƙarfen, sai ya bar maganar ta wuce. A ƙasan fom ɗin akwai gurbin lambar waya, ya nuna mata shi har sau biyu.

Washegari da safe tana shirin makaranta saƙo ya shigo.

"Assalamu alaikum 'Yar Sarkin Noma. Baƙonmu ya kwana lafiya. Na goge mashi tsatsa, na shafa mashi kakin zuma, na ba shi lamba 114. Ya ce in tambaye ki ko kin isa gida lafiya. Ni ma ina son in ji."

Ta karanta sau uku, ta bari sai da aka tashi tara sannan ta mayar.

"Wa alaikumus salam Malam Tarihi. Ka gaya mashi na isa lafiya. Kai kuma ka jira taka amsar."

Bai jima yana jira ba. Kafin ruwan farko ya sauka, Zaharaddeen ya san kowane rami a hanyar Batsari zuwa Safana. Duk Juma'a bayan la'asar babur ɗinsa yana ƙofar gidansu, kuma kafin rana ta yi ja ya kama hanya, don hanyar ba ta son yamma. Inna Hajjo, mahaifiyarta, tana aiko musu da ruwa da soyayyar gyaɗa. Malam Ya'u yana amsa gaisuwarsa ba yabo ba fallasa, bai san me ya haɗa su tun farko ba, ya ɗauka harkar makaranta ce.

Mahfuza ta kamu, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba. Tana son yadda yake sauraron mutum kamar ba shi da wani aiki a duniya. Tana son yadda yake ba ta labarin ganuwa da kufai da duwatsun ƙasarsu har ya manta da gyaɗar da ke hannunsa.

"Kai komai sai ya tsufa kake sonshi," ta ce masa wata rana. "Ni kenan sai na jira shekara ɗari."

"Ke ai ba na tarihi ba ce, Hasken Idona. Ke ta gobe ce. Ban taɓa ƙosawa in ga gobe ba sai da na san ki."

"A littafi ka karanto wannan?"

"Wallahi yanzu ya zo mani. In kina so in rubuta in sa mashi lamba."

Ya gaya mata burinsa. Kowace shekara a ƙarshen Agusta, kafin a koma makaranta, suna yin Makon Tarihi. Bana manyan baƙi za su zo daga Katsina, masana da masu kula da gidajen tarihi, kuma Malam Ubaidullahi ya yi alkawarin gabatar da shi gare su, ko Allah zai sa a ɗauke shi aikin dindindin. Magirbin Marken Daudu shi zai zama a tsakiyar ɗaki, shi kuma zai yi bayaninsa. In aikin ya samu, sai ya turo magabatansa da ƙarfin gwiwa.

Sai dai a damunar nan wani abu ya faru wanda Mahfuza ba ta sa a lissafinta ba. Daji ya lafa. Mutanen Runka suka fara fita gonakin nesa, mazan Marken Daudu suka yi shawara suka ce su ma za su gwada. Surajo, wani ɗan garinsu mai motar a-kori-kura, shi ke kwasarsu da sassafe tare da 'yan sintiri, ya dawo da su bayan azahar. Suka yashe rijiya, suka shuka gero da wake. Malam Ya'u, wanda ya shekara uku yana zaune a dakali kamar baƙo, ya dawo yana cinye tuwonsa yana neman ƙari, har waƙar noma Inna Hajjo ta ji yana yi a bayan gida.

Kowa a gidan yana murna, ban da Mahfuza. Ta gaya wa Zaharaddeen dole a dawo da magirbin kafin girbi. Ya duba dokarsu, ya ce abin da aka rubuta kyauta ba ya fita sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuwa sai ranar Asabar ɗin da za a rufe Makon Tarihi. Ya kwantar mata da hankali, ya ce gero ba ya isa girbi sai tsakiyar Satumba, ya karanta. Gero dai bai karanta littafin ba. Ruwa ya sauka da wuri, irin kuma ɗan wuri ne, tun tsakiyar Agusta zangarniya ta fara nauyi.

Kullum Mahfuza tana cewa gobe za ta gaya wa Baba. In goben ta zo ta ga fuskarsa cike da fara'a, sai bakinta ya yi nauyi.

Surajo ne ya sauke mata wannan nauyin, ba don tausayi ba. Ya daɗe yana sonta, ta daɗe tana ba shi haƙuri, ga shi kullum yana ganin babur ɗin Batsari a ƙofar gidan. Wata Lahadi da suka dawo daga gona ya zauna kusa da Malam Ya'u ya nuna masa hoton sanarwar Makon Tarihi a wayarsa. Ga magirbin nan cikin gilashi yana sheƙi, an rubuta sunan garinsu a ƙasa, an ƙara da cewa al'ada ce ta da can.

Malam Ya'u ya shiga ɗaki ya buɗe akwati, ya tarar da tsumman da yake naɗe shi a ciki, an ninke shi tsaf. Ya kira Mahfuza. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta faɗi komai, yoyon rufi, masu sayen ƙarfe, fom ɗin, har gidan da ta ja wa layi. Ta so a ce ya yi faɗa, ya ɗaga murya, amma bai yi ba.

"Da kin ce ajiya, da na gode maki," ya ce. "Kyauta kika ce. Wato ke, ɗiyata, kin riga kin yi ma garinmu sallar gawa, ni ina nan ina ta addu'ar komawa. Shi kuma wanga yaro ya karɓi kayan gidan mutum bai ga mai gidan ba, ya zo yana cin gyaɗata wata huɗu bai ce mani komi ba. Ki gaya mashi kada ya turo kowa. Ni ba ni da abin ba shi."

Inna Hajjo ta so ta sa baki, ya ɗaga mata hannu. Ya ce an riga an tsayar da ranar Alhamis don girbi, kuma shi ba zai tafi Batsari ya roƙi abin kakansa a hannun wani ba. Zai tsaya gaban mutane ya gaya musu gidansa ne ya zubar da amanar gari, sannan ya ajiye sarautar.

Wanda bai san garin ba zai ce a ɗauki wani magirbin mana, ƙarfe ai ƙarfe ne. Matasa ma haka suka ce da labarin ya bazu, wasunsu har suna shirin kowa ya je ya sare nasa ranar da ya ga dama, don tsuntsaye sun fara sauka, wake kuma yana jiran a ɗauke masa inuwa. Tsofaffi suka ce ba su sa ƙarfe sai an yi yadda aka saba. Ba tsafi ba ne, kowa ya sani. Magirbin shi ke tara mutane a rana ɗaya, gona bayan gona, har ta gwauruwa da ta marar lafiya. A irin wannan zamani kuwa, duk wanda ya fita daji ba tare da jama'a ba ya sa ransa cikin haɗari. Mahfuza ta gane in aka watse a girbin nan, ba za a koma garin tare ba, kuma da hannunta ta jawo.

Ranar Talata ta hau mota zuwa Batsari. Ta tarar da wurin ya cika. Yara sun yi layi ana nuna musu yadda ake kaɗa zare, wani tsoho yana saƙa a ƙarƙashin darbejiya, wata mota tana shirin kai ɗalibai su ga kufai da ragowar ganuwa. A tsakiyar ɗaki ga magirbin babanta a kan farin ƙyalle, yara suna danna hanci a gilashin.

Malam Ubaidullahi ya saurare ta da kyau, ya tausaya mata, amma bai motsa ba. Ya ce sa hannunta ne a takarda. In suka buɗe gilashi yau don ita, gobe mai takobi zai zo, jibi mai masaƙa, ɗakin ya koma fanko. Alhamis ita ce babbar rana, ranar da baƙi za su zo, kuma sunan magirbin ne a sanarwa. Ta yi haƙuri zuwa Asabar, shi da kansa zai goyi bayanta a kwamiti.

Ta juya ta dubi Zaharaddeen. Yana tsaye da safar hannunsa, kansa a ƙasa, bai ce uffan ba. Surajo ya riga ya gaya wa duk mai kunne cewa ɗan Batsari ƙarfen yake so, yarinyar hanya ce kawai. Da ta ji maganar ta yi tsaki, yanzu kuwa sai ta ji ta zauna mata daram a zuciya. Ya biyo ta har bakin titi yana kiran sunanta.

"Ashe wajen ƙarfen kake zuwa zance," ta ce, ba ta dube shi ba. "Ka koma, kada ya yi kewarka."

Ta yi kuka a mota tun daga Batsari har Safana, wata tsohuwa da ke kusa da ita tana ta ba ta haƙuri ba tare da ta san dalili ba. Da ta isa gida ta tarar da saƙonsa.

"Hasken Idona, na yi shiru ne don Malam ubana ne a wurin nan, ba zan musa mashi gaban yara ba. Laifina ya fi naki, ni ne na san doka kuma na ƙi neman Baba. Ki ba ni lokaci."

Ta mayar masa da gajeren saƙo.

"Lokacin na gero ne, ba nawa ba. Allah ya ba ka aikin da kake nema."

Ta kashe wayar, ta tura ta ƙarƙashin katifa.

Ranar Alhamis aka wayi gari da ruwa, bai ɗauke ba sai da hantsi. Surajo ya yi sawu uku, maza da mata, don mata ne za su dafa wa masu girbi abinci. Rabon Mahfuza da Marken Daudu shekara uku. Ta ga katangar gidansu ta zube, ta ga marken da aka sa wa garin sunansa yana nan yadda ta bar shi, ta ga gero ya rufe ƙasa har iyakar gani. Kunya ta kama ta, don wannan ne wurin da ta ce ba mai komawa.

Mutane suka taru a bakin gonar Sarkin Noma. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Malam Ya'u ya fito tsakiya hannu wofi, ya cire hularsa ya riƙe, abin da Mahfuza ba ta taɓa ganin ya yi a gaban jama'a ba. Ya fara da cewa shi yau yana da maganar da ta fi ƙarfin bakinsa.

A nan aka ji ƙarar babur daga hanyar Runka. 'Yan sintiri suka miƙe, mata suka jawo yaransu, don a wannan daji ƙarar babur ba abin wasa ba ce. Sai ga mutum ɗaya tilo, laka tun daga takalmi har gira, da wani abu ɗaure a ƙirjinsa cikin leda. Mahfuza ta gane shi tun kafin ya sauka.

Zaharaddeen ya cire takalmansa, ya durƙusa gaban Malam Ya'u, ya kwance ledar, ya miƙa magirbin da hannu biyu.

"Baba, ga amanarku. Na karɓa ba da saninku ba, na riƙe ba da izininku ba. Ku yafe mani."

Malam Ya'u ya dube shi. Sannan ya mayar da hularsa, ya karɓa, ya shafa bakin ƙarfen da babban yatsa, ya yamutsa fuska.

"Mi kuka shafa mashi haka yana santsi? Wanga ko kabewa ba ya yankawa."

Aka kawo dutsen wasa wuƙa. Ya tsuguna ya wasa shi sosai, Zaharaddeen yana runtse ido duk sanda dutsen ya ci ƙarfen, don wata huɗu ya yi yana hana ko ƙuda sauka a kansa. Malam Ya'u ya miƙe, ya yi bismilla, ya sare karan farko da sara ɗaya. Mata suka rangaɗa guɗa.

A al'adarsu, in Sarkin Noma ya sare na farko, ɗansa yake miƙa wa ya sare na biyu. Ɗansa namiji ɗaya ne, Badaru, yayan Mahfuza, kuma a daren da aka tashi garin aka rasa shi. Malam Ya'u ya juya damansa yadda ya saba, hannunsa ya tsaya a iska. Inna Hajjo ta rufe fuska da mayafi.

"Kai, ɗan Batsari," in ji Malam Ya'u. "Taso. Tunda ka iya ɗauko shi, mu gani ko ka iya riƙe shi."

Sau uku Zaharaddeen yana kai sara kafin karan ya faɗi, na biyun ma saura kaɗan ya samu ƙafarsa. Dariya ta ɓarke, har masu hawaye suna yi, mutane suka duƙa cikin gero kowa da nasa ƙarfen.

Da azahar Mahfuza ta gasa tumu ta kai masa gindin marke, inda yake zaune yana duba kantar da ta fara fito masa a tafin hannu. Ya gaya mata kwana biyu ya yi yana roƙon Malam Ubaidullahi. Da ya ga ba hanya, bayan sallar asuba ya same shi ya ce zai ɗauka, ba a ɓoye ba, ya ajiye masa makullai a tebur. A cikin gilashin ya bar kati ya rubuta cewa magirbin ya tafi gona, yau ake girbi a Marken Daudu. Rafi ya cika a hanya, sai da ya tura babur ɗin ya ratsa da ƙafa.

"Aikin fa?" ta tambaya.

"Yanzu haka baƙin suna can, wani yana yi masu bayani. Ya wuce, Mahfuza."

"Na faɗa maka maganar da ba ta dace ba. Ka yafe mani, Malam Tarihi."

"Ta yi mani zafi, ba zan ɓoye maki ba. Amma da ba ki faɗa ba, wataƙila da har yanzu ina tsaye da safar hannu." Ya murza tumun ya watsa a baki. "Yanzu ki gaya mani gaskiya, saran nawa ya yi kyau?"

"Kada ka sake yi a gaban mutane," ta ce, tana dariya tana share ido.

Da aka tashi, Surajo ya dubi babur ɗin da ruwa ya shiga injinsa har ya ƙi tashi yanzu, ya yi tsaki, ya ce a ɗora shi a bayan mota. Bai yi wa Zaharaddeen magana ba har Safana, amma bai sauke shi ba sai a ƙofar bakanike.

Aikin dai bai samu ba, wani aka ɗauka. Zaharaddeen ya koma koyarwa a wata makarantar kuɗi, Malam Ubaidullahi kuma ya yi sati uku ba ya amsa gaisuwarsa. Sai bayan an ɗaure dammuna an kai rumbu, Malam Ya'u ya sa babbar rigarsa ya tafi Batsari da magirbin da kansa. Tsofaffin biyu suka rufe ƙofa suka yini. Abin da suka fito da shi shi ne, magirbin zai zauna a gilashi inda ba yoyo, duk shekara in gero ya nuna a kai shi gida ya yi aikinsa, kuma a gyara rubutun nan na ƙasan gilashi da ya ce al'adar ta da ce. Malam Ubaidullahi ya kira Zaharaddeen ya mayar masa da makullai, ya yi masa faɗan da ya tara na sati uku, sannan ya tambaye shi wa zai shige masa gaba wajen neman aure. Kafin Zaharaddeen ya amsa, tsohon ya ce shi da kansa zai je.

A watan Nuwamba aka ɗaura aure a masallacin Marken Daudu, wanda aka sake yi wa rufi. Shi ne aure na farko a garin tun da aka tashi, gida goma sha ɗaya sun riga sun dawo da zama. Liman ya yi addu'a mai tsawo, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya tsare garin da mutanensa, jama'a suna amsawa da amin har daga bayan katanga.

Kafin a tafi da amarya, aka kai ta ɗakin mahaifinta ta yi sallama. Ta durƙusa cikin lulluɓi, tana kuka ta ce ya yafe mata abin da ta faɗa a kan garinsu.

Malam Ya'u ya dubi sabon yaɓen da ke bango.

"Mahfuza, ni ma na faɗi hakan," ya ce a hankali. "Sau da yawa, a dakalin nan na Safana. Ban dai samu takardar sa hannu ba." Ya ɗora hannu a kanta. "Na yafe maki duniya da lahira. Tashi ki tahi gidanki, Allah ya yi maku albarka."

Inna Hajjo ta kama hannunta ta fito da ita, mata suka ɗauki guɗa, motar ta kama hanyar Batsari da sauran rana.